Ɗigon Yamala: Tarihin Wasalin /e/ na Ajami daga Allo zuwa Kwamfuta, tare da Darasi daga Rubutun Bama

1. Gabatarwa

Wannan ƴar maƙala ta samo asali ne daga wata matsala da muka ci karo da ita a Madarumfa, kudu da Maraɗi, garin da aka fi sani da tabkinsa da kuma kaburburan waliyyai 99. Wani gidan malamai a can ya ba mu aron kundin kakansu, wanda ya ƙunshi wasiƙu da lissafin bashin hatsi, duk da ajamin Hausa. Muka raba aikin buga shi a kwamfuta tsakanin ɗalibai biyu. Da aka haɗa aikin, muka umarci na'ura ta nemo mana kalmar «gare», wadda ba a raba ta da littafin bashi (wane, kwano kaza gare shi). Sai ta kawo ta a kashin farko kaɗai. A kashi na biyu ko ɗaya ba ta samu ba, alhali ga kalmar nan birjik a takardun asali.

Dalili kuwa shi ne, ɗalibi na farko ya yi amfani da lambar da aka keɓe wa ɗigon nan na ƙarƙashin baƙi da ke nuna wasalin /e/. Na biyun, da yake ɗigon yana fitowa kamar ɗan akwati a na'urarsa, sai ya riƙa sa kisira a madadinsa. Ta haka duk «gare» ta koma «gari».

Manufarmu a nan ita ce mu bi tarihin wannan ɗigo, wanda malamai ke kira yamala ko imala: inda ya fito, aikin da yake yi wa Hausa, da yadda ya samu shiga kwamfuta. Bayan haka za mu kwatanta shi da wani wasalin /e/ na ƙasar Bama, wanda rashin daidaito kan yadda za a adana shi ya raba rubutun ƙasa guda gida biyu fiye da shekara goma.

2. Asalin ɗigon

Rubutun Larabci na yau da kullum alamun wasali uku gare shi: fataha, kisira da rufu'a, wato /a/, /i/ da /u/. Hausa kuwa wasula biyar take da su, kowane da gajere da dogo. Ke nan duk wanda ya ɗauki alƙalami zai rubuta Hausa da baƙaƙen Larabci, tilas ya nemi yadda zai yi da /e/ da /o/.

Game da /e/, malamanmu ba su ƙirƙiro wata sabuwar alama ba. A allonsu suka tsince ta. Ruwayar Alƙur'ani da ta kafu a Magrib da Afirka ta Yamma ita ce ta Warshu, wato Usmanu ɗan Sa'idu na Masar (ya rasu 197 bayan Hijira, 812 Miladiyya), almajirin Nafi'u na Madina. A wannan ruwaya akwai wurare masu yawa da ake karkatar da fataha wajen kisira. Wannan karkatarwa ita ce ma'anar kalmar imala. Shi ya sa inda mai karatun Hafsu zai ce «Musa», almajirin da ya tashi da Warshu yakan ce «Muse». A ruwayar Hafsu kuwa wuri ɗaya tak ake yin imala, a aya ta 41 ta Suratu Hudu.

A mushafan Warshu ana nuna wannan karkatarwa da babban ɗigo na jar tawada a ƙarƙashin baƙi. Ɗigon kansa tsohon abu ne. Tsarin farko na sa wa Alƙur'ani wasali, wanda ake danganta shi ga Abul Aswad Addu'ali, duk da ɗigogi masu launi aka yi shi. Daga baya aka koma ga alamun da ake danganta wa Halilu ɗan Ahmad, amma Andalus da Magrib suka daɗe riƙe da wasu al'adun tsohon tsari, kamar yadda ake gani a rubuce-rubucen Abu Amrin Addani (ya rasu 1053). Ta wannan hanya ɗigon ya iso makarantun allo na ƙasar Hausa.

Abin da malaman Hausa da na Fulfulde suka yi shi ne, suka ɗauki alamar tajwidi suka mai da ita alamar ƙwayar sauti. Lokacin da rubutun ajami ya bunƙasa a ƙarni na 19, bayan jihadin 1804, wannan al'ada ta zauna: ɗigo shi kaɗai yana nuna gajeren /e/, ɗigo da ya mara ɗigo a gabansa ɗauke da alu ja yana nuna dogon /e/. Shi kuwa /o/ bai yi irin wannan sa'a ba, domin babu takwaransa a Warshu. Galibin marubuta rufu'a suke sa masa, mai karatu ya rarrabe da kansa.

3. Aikin ɗigon a nahawun Hausa

Wani zai ce ai ɗigo ɗaya bai kai a yi masa maƙala ba, tunda mai jin Hausa zai gane abin da ake nufi daga jimla. Wannan gaskiya ne a wasu wurare, amma ba ko'ina ba.

Sanannen abu ne a tsarin sautin Hausa cewa a tsakiyar kalmomin asali, cikin buɗaɗɗiyar gaɓa, /e/ dogo ne, kamar a «gero» da «leɓe». Gajeren /e/ a ƙarshen kalma ya fi zama. Ƙarshen kalma kuwa nan ne aikatau yake ɗaukar alamar rukuninsa, bisa tsarin da Parsons ya fitar a 1960. Mu duba waɗannan misalai:

(1a) Ya sayi hatsi.
(1b) Ya saye hatsi.
(2a) Ya kwashi gyaɗa.
(2b) Ya kwashe gyaɗa.

A (a) aikatau na rukuni na 2 ne, mutumin ya ɗebi wani abu ya bar saura. A (b) na rukuni na 4 ne, bai bar komai ba. Duka jimlolin daidai suke a nahawu, saboda haka muhalli ba zai ceci mai karatu ba. A ajami babu abin da ya raba su sai kisira da yamala. Masanin tarihin da ke son ya gane daga wasiƙar wani falke ko an yi ɓoyon hatsi a wata shekarar yunwa, kan wannan ɗigo hujjarsa za ta rataya.

4. Zamanin ɗab'i da keken rubutu

A hannun marubucin gargajiya yamala ba ta rikicewa da ɗigon baƙi, saboda launi da girma sun raba su. Yakan gama rubuta baƙaƙe da baƙar tawada, sannan ya dawo da ja ya zuba wasula, daidai da yadda yaro yake fara babbaƙu kafin farfaru.

Ɗab'i ya fara rage wannan bambanci. Littattafan ajami da ake sayarwa a kasuwannin Kano, Zariya da Maraɗi galibi hoton rubutun hannu ne aka buga. Wannan ya sa ɗigon ya tsira, amma a bugu mai launi ɗaya jansa ya tafi. Daga nan wata matsala ta ɓullo: harafin ba, mai ɗigo ɗaya a ƙasa, in aka ƙara masa yamala sai ya zama mai ɗigo biyu, ya yi kama da ya. Haka ma fa ta rubutun Magrib, wadda ɗigonta a ƙasa yake. Keken rubutu na Larabci kuwa, da yake don ofisoshin ƙasashen Larabawa aka ƙera shi, ba shi da gurbin yamala sam.

A wannan zamani hukumomi boko suka fi mai da wa hankali. Taron Bamako na 1966, na Yamai na 1978, da dokar 1999 da ta tsai da ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar, duk kan haruffan Latin suka yi magana. Ajami ya ci gaba da rayuwa a zaure da kasuwa.

5. Shigar yamala cikin Unicode

Wajibi ne mu tuna cewa kwamfuta ba siffar harafi take adanawa ba, lamba take adanawa. Siffar da muke gani aikin zubin haruffa ne, wato tarin zane-zanen da na'ura ke dubawa ta fito da hoton kowace lamba. Nema, jerantawa da ƙidayar kalmomi duk da lamba ake yin su. Abu biyu masu kama ɗaya a ido, in lambarsu ta bambanta, ba su da wata dangantaka a wajen na'ura.

Ma'aunin farko na Larabci a kwamfuta, ASMO 708 na 1986, wanda ya zama ISO 8859-6 a 1987, alamu takwas kawai ya tanada: fataha, rufu'a, kisira, tanwini uku, shadda da ɗauri. Da Unicode ya fito a 1991 da nufin ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin, sai ya gaji waɗannan takwas, daga U+064B zuwa U+0652. Babu yamala a ciki.

Boko ya riga ajami samun gurbi. Baƙaƙe masu ƙugiya sun shiga tun bugun farko, domin akwai su a wani ma'aunin ɗakunan karatu na harsunan Afirka, ISO 6438 na 1983. Misali ƙ ita ce U+0199, ƴ kuma U+01B4. Duk da haka, a shekarun 1990 yawancinmu ba da waɗannan lambobi muka yi aiki ba. Zubin haruffa na gida muka yi amfani da su, inda aka ɗauke zanen wani harafin da ba a bukata aka ɗora ƙ ko ɗ a kan lambarsa. A takarda abin ya yi kyau. Yau kuwa wanda ya buɗe fayil ɗin wani kundin digiri na wancan lokaci, sai ya tarar da alamun da ba su da ma'ana a gurbin kowace ƙugiya.

Yamala ta samu lambarta, U+065C, a bugu na 4.1 na Unicode a 2005, wato shekara 14 bayan ƙugiyoyin boko, tare da wasu haruffan da aka ƙara saboda harsunan Afirka. A 2016 bugu na 9.0 ya ƙara fa, ƙaf da nun irin na rubutun Warshu (U+08BB zuwa U+08BD). A 2020 bugu na 13.0 ya ƙara wasu baƙaƙe masu ɗigo uku da ajamin Hausa ke amfani da su. Cibiyar SIL kuma ta fitar da zubin haruffa kyauta da suka san yamala, daga ciki akwai Harmattan, da Alkalami wanda aka zana bisa salon rubutun Kano.

To amma samun lamba bai kashe magana ba. Ga abubuwan da mai bugu zai iya sawa a gurbin yamala, kuma uku daga ciki mun gan su a ayyukan ɗalibai:

(3a) U+065C, yamala ta ainihi;
(3b) U+0650, kisira;
(3c) U+0323, ɗigon ƙasa na haruffan Latin;
(3d) U+06EA, alamar da ake nuna imala da ita a matanin Hafsu na kwamfuta;
(3e) aya ta ƙarshen jimla, a tura ta ƙasa da dabara.

Dogon /e/ ya fi haka rikici, domin harafin da ke ɗauke da alu ja ana iya buga shi da U+0649, ko U+064A, ko U+06CC ta Farisanci, wadda ba ta da ɗigo a ƙarshen kalma amma tana da biyu a tsakiya. In aka haɗa waɗannan hanyoyi, kalma ɗaya kamar «gare» tana iya samun siffofi fiye da goma a cikin na'ura.

6. Darasin Bama

Hausawa sun san sunan Bama tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka kai sojojin Afirka ta Yamma can. Ƙasar, wadda aka sake wa suna Miyanma a 1989, tana da rubutu daga dangin rubuce-rubucen Indiya, inda wasula suke kewaye baƙi: wani sama, wani ƙasa, wani dama, wani hagu. Wasalin /e/ nasu a hagun baƙi ake rubuta shi, ko da yake bayan baƙin ake furta shi. Gaɓar /ke/ ana ganinta kamar haka: ကေ. Alamar hagu ita ce /e/, ta dama ita ce /k/. Kamar a ce mu rubuta «ek» mu karanta «ke».

Da rubutun Bama ya shiga Unicode a bugu na 3.0 a 1999, aka yanke cewa a adana bisa furuci: baƙi tukuna (U+1000), sannan wasali (U+1031), na'ura ita za ta mai da wasalin hagu wajen nunawa. Haka aka yi wa wasalin /i/ na Hindi. Sai dai na'urorin lokacin ba su iya wannan juyi ba. Tsarin ma sai da aka yi masa babban gyara a bugu na 5.1 a 2008, kuma Windows bai zo da zubin haruffan Bama ba sai a Windows 8, a 2012.

Jama'a ba su zauna jira ba. A tsakiyar shekarun 2000 wani zubin haruffa mai suna Zawgyi ya bazu. Shi yana adana abin da ido ke gani ne: wasali tukuna sannan baƙi, yadda hannu da keken rubutu suka saba. Lambar ɗaya ce, U+1031, jerin ne ya juye. Bugu da ƙari, ya ba siffofi daban-daban na alama guda lambobi daban-daban, har ya mamaye gurabun da Unicode ya keɓe wa harsunan tsiraru irin su Shan, Mon da Karen. Da wayar salula ta yi araha daga 2014, mafi yawan wayoyi da Zawgyi suka iso hannun mutane.

Sakamakon ya yi muni. Saƙon da aka rubuta da tsari ɗaya yakan fito a hargitse a ɗayan. Kalma guda tana da hanyoyin bugawa da dama, don haka nema da jeranta sunaye suka gagara. Masu ƙananan harsuna suka kasa rubuta nasu a waya ɗaya da harshen Bama. Sai da kamfanoni irin su Google da Facebook suka ƙera manhajojin da ke cankar ko da wane tsari aka rubuta matani. Daga ƙarshe gwamnati ta tsai da ranar 1 ga Oktoba 2019 a matsayin ranar komawa Unicode, shekara 20 bayan shigar rubutun.

Kada a fahimci cewa adanawa bisa ido shi ne laifin. Rubutun Tailan yana da wasula biyar da ake rubutawa a hagun baƙi (U+0E40 zuwa U+0E44), kuma Unicode bisa ido yake adana su, domin haka ma'aunin ƙasar ya tanada tun kafin zuwansa. Ba a samu rikici can ba, saboda kowa hanya ɗaya ya bi. Abin da ya cuci Bama shi ne hanya biyu a kan lambobi ɗaya.

7. Inda muka yi kama da inda muka bambanta

Ta fuskar jeri mun yi sa'a. Ƙa'idar Unicode ta sa baƙi kafin wasali ita ce ƙa'idar babbaƙu da farfaru, ba wanda zai ji ta baƙuwa. Ko da shadda da yamala suka haɗu a kan baƙi ɗaya, akwai aikin daidaitawa da na'ura ke yi da kanta: kowace alama tana da matsayi, na shadda 33, na yamala 220, sai a jera su daga ƙarami zuwa babba. Wasalin Bama matsayinsa sifiri ne, ba a motsa shi, don haka kuskuren jeri yakan zauna yadda aka buga shi.

Tamu matsalar ta zaɓin lamba ce, kuma wannan aikin daidaitawa ba ya gyara ta. Babu wata na'ura da za ta mai da kisirar ɗalibinmu yamala, domin ba ta da hanyar sanin wace «gari» ce gari, wace ce «gare». Matanin Zawgyi ana iya juya shi, tunda bayanin yana nan, jerinsa ne daban. Namu in ya ɓace ya ɓace, sai an koma ga takarda. Takardar kuwa ta koma Madarumfa wajen masu ita, inda gara da damina ba sa jiran mai bincike.

Wani bambanci kuma shi ne lokaci. Bama ta gyara ne bayan miliyoyin mutane sun saba. Mu kuwa ajamin da aka buga a kwamfuta bai taka kara ya karya ba tukuna. Mafi yawan abin da ke sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH a Yamai, wanda tushensa tarin Bubu Hama ne, da abin da ke gidajen malamai, bai shiga na'ura a matsayin matani ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, ana iya sa ran aikin zai ƙaru. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

8. Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba ɗalibai da abokan aiki waɗannan shawarwari, kafin a samu matsaya ta bai ɗaya:

(a) Gajeren /e/: baƙi, sannan U+065C (بٜ).
(b) Dogon /e/, inda takarda ta nuna shi cikakke: baƙi, U+065C, U+0649, U+0670 (بٜىٰ).
(c) In ɗigon ya fito kamar akwati, zubin haruffa za a sake, ba lamba ba.
(d) Kada a yi wa marubuci gyara. In bai sa ɗigo ba, ko ya sa kisira inda muke jin /e/, a bar shi haka, a yi bayani a gefe. Mai yiwuwa shaida ce ta karin harshensa.
(e) A ajiye hoton kowane shafi mai launi tare da matanin, domin Unicode ba ya adana launi. Alu ja a kwamfuta sunansa kawai ya rage ja.
(f) A farkon kowane fayil a rubuta jerin lambobin da aka yi amfani da su.

9. Kammalawa

Mun ga cewa yamala ta fito daga tajwidin Warshu, malamai suka ba ta aikin rarrabe ƙwayar sauti, ta rasa launinta a ɗab'i, ta rasa gurbi a keken rubutu, sannan ta samu lamba a 2005. Abin da ya rage ba aikin masu ƙera na'ura ba ne, namu ne: mu yarda da hanya ɗaya. Wannan yarjejeniya ba za ta yi amfani ba in ta tsaya a Yamai. Madarumfa da Jibiya rubutu ɗaya suke yi, saboda haka dole a zauna da abokan aiki na Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya, da kuma malaman allo, waɗanda su ne masu ɗigon tun asali. Maganar /o/, wadda ta fi wannan wuya tunda al'ada ba ta bar mana alama guda ba, mun bar ta sai wata maƙala. Kashi na biyu na kundin Madarumfa kuwa, mun sake neman aronsa, ana bin sa kalma bayan kalma.